Jar Karsana Mai Farar Fuska

A shekara ta biyu da zuwanmu Birmingham na shiga aikin care, wato bin tsofaffi gida-gida ana yi musu wanka, a ba su magani, a haɗa musu karin kumallo. Maigidana yana digirinsa na uku a uni, muna zaune a Selly Oak, a ɗaki ɗaya saman wani gida da ɗalibai suka cika. Lokacin ne gwamnati ta tsuke bakin aljihu. Kowane wata da abin da za a rufe, yau laburaren unguwa ya rage kwanaki, gobe ka tarar an liƙa takarda a ƙofar wurin da tsofaffi ke zuwa shan shayi. A wurin aiki kuwa magana ɗaya muke ji kullum, council, wato ƙaramar hukuma, ta rage kuɗi.

Farkon watan Yuni shugabarmu ta kira ni ta ce akwai wata tsohuwa a gona, can bayan gari ta kudu, ma'aikata uku sun gwada sun ajiye saboda nisa. Bas biyu ake hawa. Ta farko daga Bristol Road har ƙarshen layi, daga nan ka jira wata 'yar ƙarama mai ratsa ƙauyuka sau huɗu a rana. Ban yi dogon tunani ba na ce zan je. Na gaji da dogayen benaye masu zarni da lif ɗin da ba ya aiki. Kuma ni 'yar manomi ce, rabona da in taka ƙasar da ba kwalta ba tun ranar da na bar ƙauyenmu na kudancin Katsina.

Gonar tana kan tudu. Tsohon gida ne na jan bulo, da manyan rumfunan kwano biyu a bayansa, ga shanu wajen saba'in warwatse a gangare, duka jajaye masu fararen fuska, ba tozo, gajeru masu faɗin baya. Kare ne ya fara tarbata. Na ƙame a bakin ƙofa ina tattare hijabina kada ya lasa, har wani mutum ya fito daga rumfa ya daka masa tsawa. Ɗan tsohuwar ne, zai yi hamsin da ɗoriya, dogo, wuyansa ja kamar an gasa. Shi kaɗai ke riƙe da gonar. Matarsa ta daɗe da barinsa, 'ya'yansa biyu suna birni, ba mai son kashin shanu. Ya dube ni, ya dubi takalmina, ya ce, "Tana kicin." Iyakar abin da ya haɗa mu ke nan har sati guda.

Tsohuwar shekararta tamanin da huɗu. Ƙugunta ya karye shekarar da ta wuce, tun daga nan take kan keken marasa lafiya, hankalinta kuma yana zuwa yana komawa. Wata safiyar ta lissafa maka zuriyar saniya har kaka ta bakwai, wata safiyar ta tambaye ka ko mijinta ya gama karyawa, mijin da ya shekara goma sha ɗaya a ƙasa. Kamfanin da nake wa aiki ya ce mu riƙa kiran kowa da sunansa na yanka. Bakina ya ƙi. Matar ta girmi mahaifiyata nesa ba kusa ba. Rannan ina taje mata kai sai na ji na ce, "Inna, ɗan ɗago."

"Me kika ce?"

"Inna. A wurinmu haka ake kiran uwa, ko 'yar'uwar uwa."

"To ni ba uwarki ba ce." Ta ɗago kan. "Amma ya fi na waccan ma'aikaciyar da ta tafi. Wai masoyiya take ce mini, sai ka ce saurayina."

Daga ranar ta zama Inna.

Awa ɗaya council ta ba ta, takwas zuwa tara. Bas ɗin komawa kuwa sai sha biyu saura. Satin farko a kan katangar bakin hanya nake zama ina kallon tumakin maƙwabta har ta iso. Inna ta hango ni ta taga ta aiko ɗanta ya ce in ba ni da wurin zuwa in dawo ciki, ba ta son mutum zaune a bakin gonarta kamar wanda aka kora. Haka na samu awa biyu da ɗoriya kullum waɗanda ba na kamfani ba ne, ba na kowa ba. Nakan lulluɓe mata ƙafafu da bargo in tura ta tsakar gida, inda take ganin shanu.

A nan na san karsanar. Shekararta biyu, tana ɗauke da cikin fari, an ware ta ita kaɗai a wani ɗan shinge kusa da rumfa. Ko wanda bai san saniya ba ya gan ta zai sake kallo. Bayanta miƙe kamar an ja zare, jan gashinta yana sheƙi, farin fuskar tas har gashin ido. Inna ta ce jinin wata saniya ce da mahaifinta ya ba ta ranar aurenta, kuma tun daga waccan ba a haifi kamar wannan ba. A katakon da ya gitta rufin kicin akwai 'yan ƙyallaye masu tattara, jajaye da shuɗaye, duk sun koɗe. Su ake maƙala wa dabbar da ta ci gasa a bajekolin amfanin gona na gundumarsu, wanda ake yi Asabar ɗin ƙarshe ta watan Agusta. Irin agirik sho ɗin da ake kai mu muna firamare, sai dai su nan abin gado ne, mutum yakan shekara yana shirinsa. Rabon gidan da kai dabba tun rasuwar maigidan. Bana Inna ta tsaya kai da fata sai an kai karsanar, ɗan ya yi gunaguni ya gaji ya yarda.

Sai dai karsanar ta ƙi ragama. A wurin gasa dole dabba ta bi mai ita a hankali, ta tsaya inda aka tsayar da ita. Wannan kuwa da ɗan ya ja sai ta kafe ƙafafu, ya ja ta ja, yana zagi Inna tana ba da umarni daga kan keke. Kwana uku ina kallo. Rana ta huɗu na kasa haƙuri, na ce ya ba ni dama. Ya miƙo mini igiyar da fuskar wanda yake jiran ya ga an sha kunya. Ban ja ta ba. Na tsaya a gefenta ina sosa mata fatar wuya, na gangara har gindin wutsiya, ina yi mata ɗan sautin nan da Baba yake yi wa shanun huɗarsa da harshe. Ta sauke kai. Na taka, ta taka.

"Ina kika koyi wannan?" in ji shi.

"Wurin mahaifina. Da shanu yake huɗa."

"Har yanzu?"

"Har yanzu."

Washegari na tarar da dogon takalmin roba a bakin ƙofar kicin, na tsohuwar matarsa ne, ya ɗan yi mini yawa. Na zura.

Yuli da rabin Agusta haka suka wuce, kuma ban taɓa jin daɗin ƙasar nan kamar a makonnin nan ba. An yanke ciyawa an naɗe ta cikin baƙar leda, manya-manyan dammuna jere a bayan rumfa. Sha'ir ya nuna ya yi ruwan ƙasa, ɗan yana duban sama kullum yana jiran kwana uku a jere ba ruwa, don mai injin girbi haya yake zuwa kuma kowa na layi. Akwai wata bishiya a bayan kicin mai 'ya'ya baƙi-baƙi kamar ɗinya, rina ta yi mata caa, Inna ta sa ni in tsinko mu dafa da sukari mu ɗura a kwalabe, wai za a kai kwalba ɗaya rumfar mata a wurin gasa. Mukan wanke karsanar da sabulu da ruwan ɗumi, ni da ɗan, mu taje gashin ya tashi sama, Inna tana cewa ba haka ba, ku bi ta nan. In na koma gida maigidana yakan ɗago daga kan kwamfuta ya ce, "Ke dai kin koma Fulani. Warin shanu har cikin miya." Sai ya yi dariya ya koma karatunsa. Bai taɓa hana ni ba.

Cikin makonnin nan ne na kira Baba. A gida ana tsakiyar marka, lokacin da gero ke fitar da kai yara suna ɗokin tumu. Na tambaye shi shanu, ya ce ya sayar da su. Gonar da ke bakin daji ma bana bai taɓa ta ba. An kore garken wani a ƙauyen da ke gaba da mu, an harbi mai su, shi ya sa ya ga gara ya rabu da nasa tun ana ganin juna. Da fartanya yake noman ta bayan gida, shi da shekarunsa. Na ba Inna labari da safe ina sa mata safa. Ta saurara har ƙarshe ta ce, "Aƙalla shi ya zaɓi ranar."

Ƙa'ida ce a yankin, sau ɗaya a shekara likitan dabbobi ya zo ya gwada garke duka ko akwai tarin fuka, kuma ba a kai dabba wurin taro sai ta tsallake gwajin. Cutar ta yi yawa a wannan ɓangaren ƙasar. Manoma suna ɗora laifin a kan wata dabbar dawa mai kama da dage, masu kare dabbobi suna cewa shanun ne ke ba junansu, ana ta jayayya a rediyo. Gwajin gonar Inna ya faɗo sati biyu kafin gasa.

Likitar mace ce, yarinya ƙarama, ta zo ranar Litinin. Ana koro saniya ɗaya-ɗaya cikin wani kejin ƙarfe da ke matse ta, a aske wuri biyu a wuyanta, a auna kaurin fata da wani ɗan ƙarfe mai baki, a yi allura biyu. Ni ce mai buɗe ƙofa da rufewa. Ranar Alhamis ta dawo don ta sake aunawa. Ɗan bai karya ba ran nan, na ga shayinsa a kan katanga ya huce. Shanu goma sha biyu suka wuce lafiya. Ta goma sha uku likitar ta shafa wuyanta ta tsaya, ta auna, ta rubuta, ta ce a ware ta. Ɗan ya cire hula ya mayar. Kafin a gama an ware huɗu.

Karsanar ce ta ƙarshe, don ita ba a koro ta ba, ni na jawo ta da ragama. Tun kafin likitar ta taɓa ta na ga abin, kumburi a askin ƙasa kamar rabin goro. Ta auna sau ɗaya, ta sake, ta sake na uku. Ba ta iya duban fuskarsa ba, ƙarfen hannunta take kallo ta ce, "Ka yi haƙuri."

"Ciki ne da ita," in ji shi.

"Na sani."

"Dube ta fa. Dube ta da kyau. Wannan ce mara lafiya?"

"Ba ni da yadda zan yi. Ka san ba ni da yadda zan yi."

Ya sani. Duk wadda ta nuna, yanka ne, kuma daga ranar an rufe gonar, ba dabbar da za ta shiga ko ta fita sai zuwa mayanka. Ya sa hannu a takardunta, ya hau tarakta ya gangara gonar sha'ir, ya bar ni tsaye da igiya a hannu. Inna tana can bakin kicin inda na ajiye ta, ba ta jin abin da ake cewa amma tana gani. Kuma ran nan hankalinta garau yake, da ma a ce ba haka ba.

"Nawa?" ta tambaye ni.

"Biyar, Inna."

"Har da ita?"

Na gyaɗa kai.

Ta daɗe tana kallon wurin. Can ta ce, "Ba ta ko tari." Sannan ta ce, "Mayar da ni ciki, sanyi nake ji." Rana ce tsaka, ana zafi.

Motar mayanka ta zo ranar Laraba, saura kwana uku gasa. Huɗun nan sai da aka sha fama da su, suna tirjewa suna harbi, direban da ɗan suna tura su da kafaɗa. Da aka zo kan karsanar ɗan ya ce wa direban ya matsa. Ya sa mata ragama, ya taka, ta taka. Ta hau katakon motar a hankali, kai sama, ta tsaya daidai inda ya tsayar da ita, yadda muka shafe wata biyu muna koya mata. Ya kwance ragamar ya sauko. Ni na juya na shige rumfa, na tsaya a bayan dammunan ciyawa har ƙarar motar ta ɓace.

Na ɗauka maganar gasa ta mutu. Ranar Juma'a Inna ta ce za ta je. Ɗan ya ce me za a je yi, ta ce shekara sittin ba ta taɓa fashi ba sai bara da take asibiti, kuma ba za a ce kunya ta ɓoye su a gida ba. Suka yi ta yi har ya buga ƙofa ya fita. Da zan tafi ya tare ni a tsakar gida ya ce, ba tare da ya dube ni ba, in ba ni da aiki gobe, shi ba zai iya da ita da keken shi kaɗai ba. Asabar ba ranata ba ce, amma na ce zan zo.

Filin gasar babba ne, fararen tantuna jere, taraktoci sababbi fil da ba wanda ke cikin taron zai iya saya, yara da askirim, lasifika tana ta kiran aji-aji na dabbobi. Ban ga baƙar fata ko ɗaya ba sai ni, ana kallona a sace ana murmushi. Ɗan ya sauke mana keken, ya ce yana mota in an gama. Bai taka ƙafarsa cikin filin ba.

Na tura Inna cikin ciyawa da ƙyar. Mun fara kai kwalbarmu rumfar mata, suka ce an rufe karɓa tun jiya, na mayar da ita jaka. Mutane sun san ta. Tsofaffi suna zuwa su sunkuya su kama hannunta, kowa ya ji labari, ba mai ambata. Ɗaya ne kawai ya hango mu ya kauce, mutumin da gonarsa ta yi iyaka da tasu. Saboda abin da aka samu a wurinsu shi ma yanzu sai an zo an gwada nasa. Inna ta gan shi sarai. Ta ce, "Ni na karɓi haihuwar wannan, ungozoma ta maƙale a ƙanƙara."

Na kai ta bakin igiyar da ta kewaye filin shanu. Wani dattijo abokin mijinta ya jawo kujera ya zauna kusa da ita. Masu dabbobi suna shigowa da fararen riguna kamar likitoci, alƙalin gasa da baƙar hula yana zagayawa yana latsa bayan kowace. Inna ta farfaɗo. Wannan ƙafarta ta baya a karkace take, waccan an cika ta da kitse don a ɓoye ƙashi, wancan bijimin ubansa ya fi shi. Dattijon yana dariya yana cewa ta rage murya. Sai aka kira ajin karsana jajaye masu farar fuska. Guda shida suka shigo. Inna ta ƙirga su da yatsa, ta sake ƙirgawa, ta waiwayo.

"Ina tamu?"

Ni da dattijon muka dubi juna.

"Kullum sai ya makara, halin ubansa. Je ki ce masa ya shigo da ita, za a fara."

A horon da kamfani ya ba mu an ce kada ka yi musu ƙarya, kada kuma ka yi musu gardama. Ba a faɗa mana abin da ya rage ba. Na ce, "Bari in duba shi, Inna." Dattijon ya yi mini alama in tafi, zai kula da ita.

Na tarar da ɗan zaune a mota, ƙofa buɗe, rediyo a kashe. Azahar ta yi, na ɗauki ruwan gorata na yi alwala, na shimfiɗa ɗankwali tsakanin motarsa da ta kusa. Da ya ga abin da zan yi sai ya sauko ya tsaya ta wajen hanya ya ba ni baya, kamar yana kallon taro, har na sallame.

"Tana nemanta," na ce.

"Na san za a yi haka." Ya jingina da motar. "Kin san abin da ba ta gane ba? Ba karsanar ba ce. Sai an yi gwaji biyu a jere ba a samu ko ɗaya ba kafin su buɗe ni, tsakanin kowane wata biyu. Maruƙan da nake sayarwa kafin sanyi, bana ba inda za su. Ciyawar da na tara ta shanu arba'in ce. Zan shiga hunturu da sittin da biyar."

"Allah zai kawo mafita," na ce, don shi ne abin da bakina ya saba.

Ya dube ni, ba da raini ba. "Mahaifinki fa? Mahaifiyata ta gaya mini. An kawo masa mafitar?"

Na naɗe ɗankwalina. Daga nesa muka ji tafi, an maƙala wa wata jan ƙyalle.

Da na koma na tarar Inna ta daina kallon shanun, hannayenta a kan bargo. Dattijon ya girgiza mini kai. Na durƙusa a gabanta ina neman abin da zan ce, ta riga ni. "Na tuna," in ji ta. "Kai ni gida." Na tura ta zuwa mota.

Bayan sati biyu takarda ta zo daga hukuma. Ina kicin ina wanke kofuna ya buɗe ta. An fede shanun biyar an duba, an ga alamar cutar a jikin biyu, uku ba a ga komai ba, karsanar tana cikin ukun. Ya kira likitar a waya a gabana. Na ji tana bayani cewa rashin gani da ido ba ya nufin babu, kuma dokar rufe gona tana nan. Ya ce ya gode, ya ajiye. Ya ce kada in gaya wa Inna. Ban gaya mata ba, kuma har yau ban tabbata na yi daidai ba.

Daga nan abubuwa suka bi juna da sauri. A watan Satumba wata mata ta zo daga council da kwamfuta a cinya don ta sake duba buƙatun Inna. Ta tambaye ta ko tana iya wanke fuskarta, ko tana iya haɗa shayi. Inna ta miƙe wuya ta ce ita da ta yi tatsa da hannu tun kafin a haifi uwar mai tambayar, ba shayi ne zai gagare ta ba. Na buɗe baki, matar ta ce mini da murmushi ita ake tambaya. Awa ɗaya ta koma rabin awa. Ƙarshen Oktoba aka janye ƙaramar bas, council ta daina tallafa mata. Na yi sati biyu ina takawa daga babban titi, minti arba'in cikin duhun safiya da ruwa, a hanyar da ba gefen masu ƙafa. Maigidana ya ce, "Wallahi wata rana mota za ta kwashe ki, a kan me?" Kafin in yanke shawara kamfani ya yanke mini, suka mayar da ni benayen cikin gari, suka ce za a riƙa tura mai mota in an samu. Ban yi sallama da Inna yadda ya kamata ba. Ranar ƙarshe ba ta cikin hankalinta, ta ɗauka ni 'yar'uwarta ce.

Sauran labarin a bakin abokan aiki na ji shi. Gwaji na biyu ya kama uku. A watan Disamba wata safiya ba a samu mai zuwa ba, Inna ta yi ƙoƙarin tashi da kanta ta faɗi a kicin, tana kwance a ƙasa har ɗan ya shigo cin abincin rana. Daga asibiti ba ta koma gona ba, gidan tsofaffi aka kai ta.

Da bazara maigidana ya kammala, ya samu aikin bincike na shekara ɗaya a Salford, muka kama gida a Gorton, wata unguwa a Manchester. Saura kwana huɗu mu tashi na hau jirgin ƙasa na je duba ta. Na tarar da ita a babban falo cikin jerin kujeru, talabijin tana ta surutu ba mai kallo. Ta ƙanƙance, an yanke mata gashi gajere. Na durƙusa na gaishe ta, ta dube ni da ladabi irin na baƙo, ta tambaye ni ko ni ce mai kawo magani. Na zauna da ita rabin awa ina riƙe da hannunta, ta bar ni na riƙe.

Ina fitowa muka yi kiciɓis da ɗan a ƙofa. Da ƙyar na gane shi, sanye da rigar wani kamfanin kai kaya gida-gida, fuskar ta yi fari. Ya ce in jira ya leƙa ta, zai sauke ni a tasha. A hanya ya gaya mini gwaji na uku ma bai fita ba, ciyawa ta ƙare a watan Fabrairu, sai ya nemi izini ya tura sauran mayanka mota-mota. Filayen ya ba wani babban manomi haya, yana zaune a gidan tukuna, da karen. Ya faɗe shi duka a murya ɗaya, kamar mai karanta labaran yanayi. Na ce masa za mu koma Manchester. Ya ce bai taɓa zuwa ba, an ce ruwa ya yi yawa.

A bakin tasha ya tsaya bai kashe mota ba, akwai kayan mutane a baya suna jira. Ya ce, "In wani abu ya faru zan kira kamfaninku su sanar da ke." Na ce to, na gode. Ban yi tunanin in ba shi lambata ba, shi ma bai nema ba.

Wata uku da komawarmu Gorton wata tsohuwar abokiyar aiki ta turo mini saƙo cewa council ta ba wani kamfani mai araha kwantiragin, namu ya rufe. Ban sake jin komai game da su ba.